Danshin Yatsa Huɗu

Ruwan farko na bana ya sauka ranar Talata da la'asar, kuma tun kafin ya ɗauke na san washegari sai na je gona na tona ƙasa da hannuna, ko da yake yanzu ba ni ke noman ba. 'Ya'ya da jikoki ke yi, ni nawa tsayawa a gefe da faɗa. Jikokin nan har dariya suke mini, wai wayarsu ta riga ta gaya musu yawan ruwan da aka yi. To, waya ba ta taɓa cin tuwon gonar nan ba. Abin da na tashi na tarar shi ne, in an yi ruwan farko, babban gida ke durƙusawa a tsakiyar gona ya tona da yatsunsa. In danshi ya nutse ya kai taƙi guda, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka ware su, sai ya ce a kawo iri. In bai kai ba kowa ya koma gida, don irin da aka zuba a guntun danshi tsirowa yake yi ya mutu. Kuma abin da babba ya faɗa shi ke nan, ba mai sake tonawa a bayansa.

A kwanakin ne kuma yaran suka ishe mu da zancen wasannin Olamfik, suna ta tura mana waya a fuska mu ga samarin da aka ce su za su ɗauki tutar Nijar. Na lura duk sanda suka kawo, ƙanena Ilu sai ya karɓa ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallon ƙafafun yaran, ba fuskokinsu ba. Ruwan farko da zancen masu gudu, abu biyun nan su suka mayar da ni shekarar da aka rufe iyaka, zamanin soja, shekarar da na yi ƙarya a tsakiyar gonar ubanmu.

Baba ya rasu a sanyin shekarar, bayan kakar da ba ta cika mana rabin rumbu ba. Ni ne ɗan fari, don haka gandu ya faɗo kaina ina ɗan shekara talatin: Inna, matata Rabi da yara biyu, ƙannena mata biyu da ba su yi aure ba, sai Ilu. Al'adarmu a nan Matameye, da an gama kaka maza su bar wa mata rumbu su tsallaka Kano ko Katsina cin rani, wani shayi, wani ga-ruwa, wani dako, su dawo gab da damina da abin da za a ci a yi noma. A shekarar nan muna can aka rufe iyaka, muka dawo ta daji kamar ɓarayi, hannu na dukan cinya. Na shigo gida na leƙa rumbu, na ga ƙasansa. Abin da ya rage mai daraja shi ne irin Baba, zangarniyar hatsi da ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya kafin ya kwanta ciwo, aka ɗaure aka rataye a ɗakin Inna inda hayaƙi ke kai masa. Duk yunwar da ake ji ba wanda ke ɗaga ido ya kalle shi.

Shi kuwa Ilu, Allah ya yi masa ƙafa. Tun yana yaro in aka aike shi ba ya tafiya, sai gudu. Gonarmu tana bakin hanyar Damagaram, da 'yar tazara daga gari, amma in Inna ta ba shi kunu ya kai wa Baba, da zafinsa yake isa. Siriri ne, ba ƙirji ba damtse, a kokawa yaro ma sai ya kayar da shi. Amma in ya saki ƙafa, sai dai ka gaji da kallo.

Zamanin nan soja sun raya samariya, kowace unguwa da sarkin samarinta, ana gayya, ana share gari, ana wasanni. A nan ne wani malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe Abdu muke ce masa, ya ga Ilu. Ya fara sa shi gudu zuwa garin Kance ya dawo, shi yana biye a kan mobilet, ɗan babur ɗin nan, yana duba agogo. Mutane suka ce Mushe ya rasa aikin yi. Rannan ya je Damagaram ya dawo wa Ilu da takalman gudu farare, irin waɗanda ba mu taɓa gani a ƙafar ɗan gidanmu ba. Ilu tausayinsu yake ji. In za shi fili sai ya ɗaure igiyarsu ya rataya a wuya, ya tafi ba takalmi, sai ya isa ya sa. Gari ya ɗauka, ko'ina Ilu, Ilu. Ni da aka haifa shekara takwas kafin shi na koma “wan Ilu”. Ina dariya in an faɗa, amma dariyar ba ta wuce haƙora.

Ana cikin zafin bazara Mushe ya zo ƙofar gidanmu da sarkin samari, da takarda a hannu. Muka gaisa, aka shimfiɗa tabarma.

“Malam Mamman,” in ji Mushe, “alheri ne ya kawo mu. Za a yi gwajin gudu a Damagaram. Waɗanda suka yi fice za a wuce da su Yamai, cikinsu kuma a zaɓi masu zuwa wasannin duniya a Amurka. Sau biyu a jere ƙasarmu ba ta je ba, bana za ta je. Ban ce Ilu zai kai can ba, gaibu sai Allah. Amma agogona ba ya ƙarya, yaron nan ya isa a gwada shi. Kamiyo, babbar motar da za ta kwashe su, zai tashi ranar Alhamis da hantsi. Kai ne uba yanzu, sai da izininka.”

Na ɗaga kai na dubi sama, fara fat, ko gajimare babu. A zamanin nan ba mai son a ce shi ne ya hana aikin samariya, don magana ba ta da wuyar kaiwa bariki. Sai na nemi hanyar da ba ni ne zan ce a'a ba.

Na ce, “Mushe, ai abin alfahari ne. In ba a yi ruwan shuka ba kafin ranar, ya tafi da albarka. In kuwa an yi, ka san mu biyu ne maza a gidan nan.”

Kowa ya ce wannan magana ce ta gaskiya. Ilu da ke tsugune a gefe ya ce, “Na yarda, Yaya.”

Ranar Laraba da la'asar gabas ta haɗe. Iska ta taso ta kwashe tabarmi da shanyar mata, aka yi ta tsawa kamar sama za ta tsage, sannan ruwa ya zubo da ƙarfi. Yara suka fita tsirara suna tsalle, mata suka tara tukwane a bakin indararo. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi, wanda in ka shaƙa sai ka ji yunwa ta ɗan sake ka. Amma kafin Rabi ta gama kwashe itace daga tsakar gida, ya ɗauke. Ruwan ya fi hayaniya da aiki. Duk da haka gari ya ɗauki murna, maƙera suka yi ta gyaran sungumi har magariba.

Da safe muka ɗunguma gona gaba ɗaya. Inna ta sauko da irin Baba, aka sussuke shi, aka zuba a ƙwarya ta ɗauko a kai da kanta. Ilu muka tarar ya riga mu, yana tsaye a gindin gawo, sungumi a hannu ɗaya, takalman nan a wuya, ɗan ƙullin kayansa a ajiye. Wato ya shirya wa kowace irin amsa.

Na shiga tsakiyar gona, daidai inda Baba ke durƙusawa. Wannan ne karo na farko da na durƙusa a wurin. Na yi bisimilla na sa hannu. Saman ƙasa da sanyi, baƙi-baƙi, tana manne wa yatsa. Na ƙara tonawa, sai na ji yashi busasshe, mai ɗumi, yana zubowa cikin ramin. Na gwada. Yatsa huɗu. Ko rabin taƙi bai cika kaiwa ba. Ko makaho ya taɓa ramin nan ya san ba ruwan shuka ba ne.

Ban daɗe a durƙushe ba, amma abin da ya ratsa zuciyata da yawa. Na ga Ilu a Yamai, ni kaɗai a gonar nan da hauya ɗaya, noman fari da maimai duk a wuyana, baki shida suna jirana da maraice. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da aka binne Baba. Kuma tunda yau gaskiya na zauna faɗa, akwai wani abu a ƙarƙashin tsoron: ban so ya hau motar nan ana yi masa tafi ni ina nan ina cin ƙasa. Na tura yashi na rufe ramin, na miƙe ina kakkaɓe hannu.

Na ce, “Ya kai. A kawo iri.”

Inna, da ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta dube ni ta ce, “Kai, ka duba da kyau? Ni kam ruwan jiya bai cika mini kunne ba.”

“Na ce ya kai, Inna.”

Ta sauke ƙwaryar irin. Ilu ya cire takalman daga wuya ya rataye su a reshen gawo, ya tofa yawu a tafi, ya kama sungumi. Muka jera ni da shi muna sara, taku ɗaya sara ɗaya, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Rana ta ɗan ɗaga sai ga ƙarar mobilet. Mushe ya jingine ta a bakin hanya ya ratso kunya-kunya da takalmansa masu tsini.

“Malam Mamman, don Allah. Kamiyo na jira. In bai ci ba kwana uku ne ya dawo. Ni zan turo maka 'yan samariya biyar su yi maka shukar nan yau.”

Na ce, “In ya ci fa, Mushe?”

Ya juya wajen Ilu. Ilu bai ɗaga kai ba, saransa kawai yake yi, sai ya ce, “Mushe, a yi haƙuri. Yaya ya ce ya kai.”

Da hantsi kamiyon ya wuce ta gabanmu, samari cike a baya suna waƙa. Wasu suka hango Ilu suka yi ta ƙwala masa kira. Ban kalle shi ba, shi ma bai kalli hanya ba. Kafin la'asar irin Baba kaf ya shiga ƙasa, ko tafi guda ban rage ba, don wanda ya ce danshi ya kai ba shi da hujjar ragewa.

Kwana huɗu hatsi ya tsiro, siriri, kore shar, layi-layi. Na fara roƙon Allah ya rufa mini asiri ya aiko da ruwa ya mayar da ƙaryata gaskiya. Ba a yi ba. Azumi ya kama a cikin zafin nan da ba na fatan maƙiyi ya gani. Da hantsi ƙasa ta fara ƙuna, da azahar ko kare ba ya ratsa gari, bakinka ya bushe har yawu ya yi kauri. Kullum da safe ina zuwa gona ina kallon tsiron yana nannaɗewa, daga kore ya koma ruwan toka, daga nan iska ta binne shi da yashi. Kafin goma ga azumi gonar ta koma kamar ba a taɓa sara ta ba. Maƙwabtanmu da suka riƙe irinsu a ranar, suna nan da abinsu. Ba wanda ya ce mini komai, sai dai na ji an ce yaro ne, bai san ƙasa ba tukuna. Na karɓi wannan da hannu biyu, gara a ce ban sani ba.

Bayan sallah aka yi ruwa na gaske, kawunmu na Dungu ya aiko mana da ɗan iri muka sake shukawa. Ya tashi har gwiwa, muka yi noman fari ni da Ilu da cikin da ba komai sai ruwan kunu. Daga nan sama ta sake rufewa. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, aka juya riguna, limami ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Muka dawo da ƙafafu a ƙone.

A gida kuwa abin bi da bi ya zo. Aka fara barin tuwon rana. Fura ta koma ruwa-ruwa, kana ganin gindin ludayi. Sai mata suka shiga daji tun da safe neman tafasa da yaɗiya, a dafa a yayyafa ɗan ƙuli in akwai, in babu gishiri. Sai dusa, wadda da akuya muke ba. Akuyoyin ma suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya. In aka ce jar dawar taimako ta iso, a yi layi tun safe a rana, a dawo da abin da ba zai kai kwana uku ba, tuwonta kuma in ya huce sai ka ce ɓawon itace. Abin da ba na mantawa shi ne shirun gari. Matameye da turmi ke tashin mutum da asuba, aka wayi gari sai ka ratsa unguwa guda ba ka ji tabarya ba. Yarana suka daina wasa, suna zaune jikin bango suna bin uwarsu da ido.

Ilu ne ya fara zancen. Wata safiya ya ce, “Yaya, an ce in ka wuce Ɗan Barto da ke bakin iyaka ka bi ta daji, akwai ƙauyen da ake samun garin kwaki a tsallake. Ba sa ƙin kaya in da kyau. Inna ta ba ni tasoshinta.”

Na ce, “Soja fa? An ce suna kan hanya.”

“Suna kan hanya. Ni ba hanya zan bi ba.”

Masu zuwa can kwana suke yi, su dawo washegari. Ilu ya fita bayan sallar asuba da tasoshi biyu a buhu, kafin la'asar sai ga shi da gari a kai, gishirin zufa ya yi masa fari a wuya, ƙafa duk ƙarangiya. Rabi ta jiƙa garin nan da ruwa, muka ci muna jin yana kumbura a ciki. Daga ranar ya mayar da abin aiki, bayan kwana biyu ko uku ya tafi. Tasoshin Inna suka ƙare, aka koma tabarmin da mata ke saƙa, aka koma zannuwan auren Rabi. Ba takalmi yake zuwa, fararen nan suna rataye a ɗakin Inna, a ƙusar da irin Baba yake a da. Kuma duk tsawon daminar bai taɓa ce mini uffan ba a kan kamiyon nan. In ya sauke kaya sai ya ce, “Yaya, ga shi, a raba.” Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin haka aka fara wasannin a Amurka. Mushe yana da rediyo, yakan fito da ita ƙofar gidansa bayan la'asar, mutane su taru, don mai jin yunwa ma yana son abin da zai ɗauke masa hankali. Namu 'yan tsiraru ne suka je, masu dambe da masu gudu. Tsofaffi suka yi ta tuna wani ɗan dambenmu da ya taɓa ciwo wa ƙasa lambar tagulla shekarun baya, ana cewa bana ma sai an gani. Ba a gani ba. Kullum sai mu ji an ce wane ya yi ƙoƙari amma an fitar da shi. Ni ina zuwa ne in tsaya can baya, rabin kunnena na rediyo rabi na sama, ko za a ji tsawa.

Ranar da aka kawo labarin gudu mai tsawo, wanda da shi aka rufe wasannin, Ilu dawowarsa ke nan daga tsallake. Ya sauke gari a gida ya zo ya zauna a ƙasa yana cire ƙaya daga tafin ƙafa. Wani ya tambayi Mushe tsawon gudun.

Mushe ya ce, “Kamar ka tashi daga nan ka je Ɗan Barto ka dawo.”

Kowa ya juya ya kalli Ilu. Shi kuwa ƙayarsa yake cirewa. Mai labarai ya ce namu ya shigo can baya, nesa da na gaba, amma da yawa sun zube a hanya, shi ya kai ƙarshe da ƙafarsa. Ƙasarmu dai ta dawo ba lamba ko ɗaya.

Wani Alhaji mai sayar da goro, da bakinsa ba ya shiru, ya ce, “Yanzu fisabilillahi an ɗauki mutum a jirgin sama har Amurka don ya je ya bi bayan mutane? Ai da hatsi aka ɗauko mana a jirgin.”

Aka yi dariya, ni ma na yi, don ta yi mini daɗi. Ilu bai yi ba. Ya ce, “Alhaji, wanda bai taɓa yi ba shi ke ganin na baya bai yi komai ba.” Sannan ya juya. “Mushe, awa nawa ya yi?”

Mushe ya faɗa masa. Ilu ya shiga lissafi, leɓensa na motsi.

“Ba kaya a kansa?”

“Ba kaya. Har ruwa ake miƙa musu a hanya.”

“Ruwa a hanya,” in ji Ilu. Ya yi 'yar dariya, ya tashi ya tafi gida yana ɗingishi.

Tafiyarsa ta gaba, na ga ya shiga ɗakin Inna ya fito da fararen takalman nan ya sa a buhu. Na ce, “Ilu, bar su, za a samu wani abin.” Ya ce, “Wane abin, Yaya?” Da la'asar ya dawo da garin da ya fi na kullum yawa. Na ci, don yunwa ba ta san kunya ba.

Kakar shekarar ba a yi ta ba. Hatsi ya bushe a tsaye kafin ya fitar da kai, abin da muka kwaso a gonar nan duka jaki ɗaya ya ɗauke shi. Gidaje da yawa sun watse, wasu sun binne yara. A gidanmu ba a fitar da gawa ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya san mu ya san bayan ikon Allah ƙafar Ilu ce. Da wannan na yi shekaru ina lallashin kaina. Nakan ce, ka gani, da ya tafi da wa zai ɗauko garin? Ashe alheri na yi. Amma ni na san ranar da na durƙusa ban san za a yi fari ba, ban san da wani garin kwaki ba. Yatsa huɗu na gani, na ce taƙi.

Aka mayar da Mushe wani gari. Damina ta dawo, Ilu ya yi aure, ya shiga cin rani kamar kowa, ba wanda ya sake kiran sa gwaji. Gwiwoyinsa suka fara ciwo tun bai tsufa ba, yanzu da sanda yake tafiya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, tare muke zuwa masallaci, tare muke cin tuwo, 'ya'yansa a hannuna aka nemi aurensu. Shekara arba'in ina ɗaukar maganar nan in kai ta bakin ƙofarsa in dawo da ita.

To, ranar Larabar nan da ta wuce aka ɗora mu a amalanke ni da shi, tsofaffi biyu kamar buhunan gawayi, aka kai mu gona. Gawon nan yana nan. Yara suka tsaya a bakin gona da ƙwaryar iri, mu biyu muka lallaɓa zuwa tsakiya. Na durƙusa na tona, danshi ya wuce taƙi, ya kai wuyan hannu, ƙasa sai sanyi. Ban miƙe ba. Na ce, ba tare da na dube shi ba, “Ilu, ka tuna shekarar kamiyo?”

“Na tuna.”

“Bai kai ba. Yatsa huɗu ne. Na gani da idona na ce ya kai.”

Ya dogara da sandarsa. Can ya ce, “Na sani, Yaya.”

Na ɗago.

“Ai na riga ku zuwa. Na kasa haƙuri, ina idar da sallah na rugo na tona, wuri uku. Shi ya sa ka gan ni da kayana a ɗaure.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“A gaban Inna? A gaban matarka? Ranar farko da ka durƙusa a wurin Baba? In na ƙaryata ka a ranar, wa zai sake jin maganarka a gidan nan? Kuma na ga tsoro a fuskarka sanda kake rufe ramin. Na ce wanda tsoro ya kai shi haka, ba a tafiya a bar shi.”

Hawaye ya zubo mini, ni da jikoki ke cewa ban san kuka ba. Na ce, “Ka yafe mini, don Allah.”

“Wannan an daɗe da wucewa. Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Ya dubi hanyar Damagaram, yanzu kwalta ce motoci na ta wucewa. “Abu ɗaya ne dai ya ƙi barina. Har yau ban san na nawa zan zo ba. Ko na ƙarshe ne, Yaya, da na so in sani.”

Ba ni da abin ba shi. Gona zan iya raba masa, rumbu zan iya buɗe masa, wannan kam ba ta hannuna, ni na binne ta da yashi.

Daga bakin gona babban jikana ya ɗaga murya, “Kaka, rana na yi! Ya kai ko mu koma?”

Na ja jiki gefe, na bar wa Ilu wurin Baba. Na ce, “Tona ka gaya musu.”

Ya dube ni, ya ce, “Kai ne babba.”

“Na ce ka tona.”

Ya miƙo mini sandar. Da ƙyar gwiwoyin nan suka lanƙwashe, ina jin ƙararsu. Bai taɓa ramina ba, sabo ya tona a gefe, a hankali, ya ware yatsu ya gwada, ya sake gwadawa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi yaran.

“Ya kai,” in ji Ilu. “A kawo iri.”